Yarona ba ya shiga cikin yara, ƙara kaɗan sai ya toshe kunne, don Allah a ba ni shawara

Maman Haidar, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya yara. Don Allah shawara nake nema a kan yarona, shekararsa uku da wata takwas, shi ne na biyu. Magana dai Alhamdulillahi yana yi, Hausa da Larabci duk yana cakuɗawa yadda yaran nan suke yi, in an kira sunansa yana juyowa, in ya ga jirgi ko kyanwa yana nuna min da yatsa, ya iya Fatiha da Ƙulhuwallahu. Amma fa ƙara ba ya sonta ko kaɗan. In zan kunna bilenda sai na tura shi ɗaki na ja ƙofa, injin shara kuwa tun ya ga na ɗauko zai sa hannu biyu ya toshe kunne yana "la Mama, la". Injin busar da hannun nan na bayin mol ya sa yanzu ko fitsari ya matse shi ba ya yarda ya shiga bayin waje, gara ya riƙe har mu dawo gida.

Sai kuma jiki. Aski yaƙi ne, sai babansa ya danne shi mai askin na ta haƙuri. Farce sai yana barci nake yankewa. Duk rigar da na saya sai na cire 'yar takardar nan ta bayan wuya, tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, mai kwala kuwa ranar Idi kafin a idar da salla ya tuɓe. Mun je Kornish bakin teku yara na ta wasa da yashi shi ya ƙi sauke ƙafa, a kafaɗar babansa ya ƙare. Abinci shinkafa fara da burodin tamis da madara, miyar kuka ko kuɓewa ko ganinta ya yi sai ya fara yunƙurin amai.

Duk wannan da zan iya jurewa, abin da ya hana ni barci shi ne rauda, wato makarantarsu ta ƙananan yara. Ablarsu, wato malamarsu, ta kira ni tace da safe in an kunna lasifika a ɗabur, wato taron da yara ke jeruwa kafin shiga aji, sai ya gudu ya shige ƙarƙashin tebur, sannan ya ture wani yaro a layi har ya faɗi, uwar yaron ta zo ta yi ta faɗa. Yanzu yaran ajin ba sa kiransa wasa, shi kaɗai yake zama da motarsa, kuma ya dawo gida yace min "Mama ba su sona". Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. A gida da yayarsa yana wasa lafiya lau har dariya suke, amma da an taru an yi yawa shi kenan. Bikin 'yar ƙanwar babansa da aka yi a istiraha, wato gidan taron da ake haya, ga kiɗa ga turaren wuta ga mata kowa na ɗaukarsa tana sumbata, ƙarshe a mota muka zauna ni da shi har aka tashi.

Kakarsa tace sangarta ce na yi masa, wata maƙociyata tace in kai shi a yi masa ruƙiyya, babansa yace yarinta ce zai daina. Ni kuma na shiga intanet na ga ana ta maganar tawahhud, wato galahanga, sai gabana ya faɗi. Shin tawahhud ne? Wane likita zan gani? Kuma yaron da ba ya shiga cikin yara a wannan shekarun zai iya zama da mutane in ya girma?

Hajiya Yaya, Misfala

Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya shirya miki shi ya raya. Ni dai ba likita ba ce amma na yi rainon 'ya'ya da jikoki a garin nan. Abin da nake gani yaran yanzu a shiƙƙa suke tashi, wato fulat a gidan bene, ƙofa a rufe, an kunna mukayyif mai sanyaya ɗaki, waya a hannu, yaro bai san ƙasa ba bai san rana ba, to ta ina zai saba da mutane? Mu da muka tashi a unguwa tsakanin Misfala da Shari' Mansur yaro daga ya fara tafiya yana cikin 'yan uwansa, a ture shi ya ture, ya yi kuka ya tashi. Ki karɓe wayar nan, ki riƙa kai shi gidan dangi kullum ki ajiye shi cikin yara ki tafi abinki, zai yi kuka ya gaji ya saba. Kuma kar ki yi wasa da azkar na safe da yamma, ki tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, ga zamzam Allah ya hore mana. Wannan cire masa takardar riga da kai shi ɗaki in za ki yi markaɗe ni dai a ganina ke kike ƙara masa.

Ummu Rayyan, Riyad

Maman Haidar sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki lada. Aikina kenan, ilajil wazifi na yara nake yi, wato jinyar horar da su kan ayyukan yau da kullum, kuma irin yaronki muna ganinsu sosai, don haka ki kwantar da hankalinki tukun.

Abin da kika lissafa ba sangarta ba ne. Kunne da fata da hanci da harshe da ido duk saƙo suke aika wa ƙwaƙwalwa ba dare ba rana, har da wasu guda biyu da mutane ba su cika sani ba, ɗaya a can cikin kunne yake shi ke gaya wa jiki ya karkata ko yana juyi, ɗayan a jijiyoyi da gaɓɓai shi ke gaya maka inda hannunka yake ko idonka a rufe. Aikin ƙwaƙwalwa shi ne ta tace, ta ƙyale ƙarar mukayyif da gugar riga a wuya ta kama muryar abla. To a wasu yaran tacewar nan ba ta tafiya daidai. Wasu komai da ƙarfi yake isa gare su, irin Haidar. Wasu kuma akasin haka, saƙon ba ya isarsu sai su yi ta nema, su ne masu tsalle daga kan kujera, masu karo da mutane, masu tauna wuyan riga, su faɗi su fasa gwiwa ko a jikinsu. Akwai ma yaron da ya haɗa duka biyun. Wata ma'aikaciya irinmu a Amurka, Jean Ayres, ita ta fara zurfafa bincike a kan haka tun shekarun 1960, kuma daga aikinta aka samo abin da cibiyoyi suke rubutawa a allonsu, takamul hissi, wato jinyar taimaka wa ƙwaƙwalwa ta daidaita waɗannan saƙonnin. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2004 ta hanyar tambayar iyayen 'yan rauda ya ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 suna da irin wannan matsalar har tana taɓa rayuwarsu, kinga ba ke kaɗai ba ce.

Maganar zama da yara ita ce ta fi muhimmanci kuma kin yi daidai da ita ta fi damunki. Tsakanin shekara uku zuwa huɗu ne yaro yake tashi daga wasa kusa da wani ya koma wasa tare da wani, yaani ya koyi jiran layi, ba ni in ba ka, kai ne direba ni ne fasinja, ya kalli fuskar ɗan uwansa ya gane ya ji haushi, su ɓata su shirya. Ba a koyon waɗannan da baki, sai an yi ta yi. Kuma duk inda ake koyonsu wuri ne na ihu da gogayya da gudu. Ki ɗauka an tsayar da ke gaban injin markaɗe yana aiki an ce ki yi hira da baƙuwa ki kuma yi mata fara'a, haka ɗabur yake a wurinsa. Sai ya janye, in ya janye bai samu yin wasan ba, yara kuma ba sa jiran kowa sai su wuce su bar shi, bayan wata shida sun iya abin da bai iya ba, sai a ce ai ba ya son mutane. Alhali ke da bakinki kin ce da yayarsa har dariya suke, kuma ya dawo yana cewa ba su sona. Yaron da ba ya son mutane ba zai damu da wannan ba.

Turewar da ya yi a layi ma ina kyautata zaton daga nan take. Irin yaran nan taɓi mai sauƙi wanda ba su gani yana zuwa ba, musamman ta baya, shi ya fi tayar musu da hankali, wani ya goge shi da jaka kawai sai jikinsa ya ɗauka hari ne hannu ya riga tunani. Amma ki lura in kin rungume shi da ƙarfi ko kin matsa masa kafaɗa yawanci ya fi samun natsuwa. Wannan ba ya nufin a ƙyale shi ya yi ta ture mutane, a'a za a koya masa ya ce "matsa" ko ya ɗaga hannu, amma a san daga ina abin ya taso.

Tawahhud kuma, wato galahanga, ba zan ce miki eh ko a'a ta waya ba, duk wanda ya yanke miki hukunci bai ga yaro ba ki bar shi. Gaskiya ne yawancin yara masu tawahhud suna da matsalar ƙara da taɓi, shi ya sa a 2013 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta littafinsu DSM-5 suka sa ta cikin alamominsa. Amma ana ganinta a yara masu rashin natsuwa da yawan motsi, da masu yawan tsoro, da bakwaini, da ma yaran da ba su da komai bayan ita. Juyowa in an kira shi da nuna miki abu da yatsa don ki gani alamu ne masu daɗi, sai dai ba su isa a rufe magana ba. Ki fara da likitan yara, ki ce a gwada jinsa a duba kunnen, sannan ki nemi a tura ku asibitin da ke da iyadar numuw da suluk, wato sashen duba girman yara da halayyarsu, su yi masa cikakken gwaji.

Kafin nan ga abin da za ki fara a gida ba ko riyal. Ki gayyato yaro ɗaya tak, mai sanyin hali, daga ajinsu in da hali, su yi wasa a falonku telebijin a kashe, rabin awa ya isa, ki raba su tun ana dariya kar ki jira a yi kuka. In sun saba sai ya zama yana da mutum ɗaya da ya sani a aji, daga nan ake ƙara na biyu. Bilenda ki daina ɓoye masa ita gaba ɗaya, ki gaya masa za a kunna, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙirga uku, wata rana shi zai danna da kansa, ƙarar da yaro ya san zuwanta kuma shi ke da ikon kashe ta ba ta kai wadda ta faɗo masa ba zafi. Kafin ku fita rauda ki ba shi aikin ƙarfi, ya tura kwandon wanki, ya ɗauko miki robar ruwa, ya yi tsalle a katifa, yara da yawa yana taimaka musu. Biki ku je da wuri kafin wuri ya cika, ki nuna masa inda zai je in ya gaji, ku tafi kafin kiɗa ya yi zafi. Kuma ki gaya wa gwaggonninsa su miƙa masa hannu su gaisa, ɗauka da sumba su bari sai ya kawo kansa.

Hajiya Yaya Allah ya ƙara girma, maganar waya ina bayanki ɗari bisa ɗari, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo. Addu'a kuwa ai ita ce gaba. Inda zan roƙi Hajiya shi ne wajen a ajiye shi cikin yara a tafi. Yaron da jin kunya ne kawai ke damunsa zai iya sabawa haka, amma irin wannan in an jefa shi cikin hayaniya ba mafita abin da yake koya shi ne taro wurin azaba ne, gobe tun daga bakin ƙofa zai fara turjewa. Sabon muke so mu ma, amma kaɗan kaɗan.

Abu Fahad, Madina

Maman Haidar Allah ya ba shi lafiya. Ni uba ne, 'yata haka ta fara da toshe kunne, ita dai daga baya gwaji ya nuna tawahhud ne, ba ina ce miki naki haka ba ne don ita a shekarun Haidar ko Baba ba ta faɗa. Abin da zan ce ki gaya wa maigidan kawai, ya daina cewa zai daina, ya ɗauki hutun rana ɗaya ku je tare, in babu komai kun huta in akwai kun kama da wuri.

Sai gargaɗi a kan kuɗi, Ummu Rayyan ki yi haƙuri ba da ke nake ba. Akwai cibiyoyin da daga kin shiga kafin ma a kalli yaro an kawo miki takardar jalsa, wato zaman jinya, har ashirin ki biya gaba ɗaya. Mu wata cibiya mun zuba kuɗi ba kaɗan ba, kullum a sa yarinya a lilo a goga mata buroshi a hannu, in na tambaya me ake so a cimma sai a ce haƙuri ya Abu Fahad. Sai daga baya wani likita ya gaya min ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2012 ta fitar da matsaya cewa hujjar amfanin irin wannan jinyar ba ta da yawa, kuma ta ce kar likita ya tsaya a kan matsalar hissi, wato ta ƙara da taɓin nan, ita kaɗai a matsayin ciwo, ya binciki ko akwai wani abu a ƙarƙashi, in kuma za a gwada jinyar a sa mata lokaci a ga ko tana aiki. To ki ce su rubuta miki a takarda, nan da wata biyu me yaron zai iya, misali ya tsaya a ɗabur har a gama ko a yi masa aski ba a danne shi ba. In lokaci ya yi ba canji ki ɗauke ɗanki.

In kuna da tamin, wato inshorar lafiya, ki kira su ki ji ko suna biyan ilajil wazifi da takhaɗub, wato jinyar koyon magana, don ba kowane ke biya ba. Lambar waya 937 ta ma'aikatar lafiya ma ana kira a yi tambaya. Kuma ku a Jidda kun fi mu wurare, cibiyar tawahhud ta Jidda tun 1993 take. Ruƙiyya ki yi masa da kanki ko babansa, don Allah kar ki kai shi wurin masu ɗaura lasifika suna ihu a kunnen yaro, yaron da bilenda ke firgita shi.

Maman Haidar, Jidda

Na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka da alheri ya raya muku zuri'a. Hajiya na ji, wayar in sha Allah zan rage. Abu Fahad na tura wa babansa maganarka yace to. Ummu Rayyan Allah ya biya ki, abin rungumar nan gaskiya ne, in ya rikice sai na matse shi a jikina yake shiru. Tambaya biyu don Allah, na ga wasu yara da abin toshe kunne irin na masu aikin gini, in saya masa? Sannan me zan ce wa abla, ina jin nauyinta kar ta ga kamar ina koya mata aiki. Kuma muna son zuwa Umra da shi, ina tsoron Harami.

Abla Hauwa, Makka

Maman Haidar ni malamar rauda ce, kar ki ji nauyi ko kaɗan, mu uwar da ta zo ta gaya mana halin ɗanta ta fi mana wadda sai mun yi ta lalube. Ki same ta ita kaɗai ba lokacin tashi ba, ki roƙe ta abu kaɗan. A layi ta sa shi farko ko ƙarshe don kar a sa shi tsakiya ana gogarsa gaba da baya, ni na fi son ƙarshe in ba shi aikin rufe ƙofa sai ya ji shi ma wani ne. A ɗabur ya tsaya can nesa da lasifika, ko a bar shi ya shigo bayan an gama na ɗan lokaci. A aji kujerarsa ta zama a gefe ba kusa da ƙofa ba. Ƙarƙashin teburin nan ma kar a riƙa jawo shi da ƙarfi, ta ware masa lungu da 'yar katifa ta ce in ka gaji je can ka dawo. Kuma ki tambaye ta wane yaro ne ya fi zama kusa da shi, mu mun san su, shi za ki gayyata gida. Uwar yaron da aka ture kuma ki kira ta ki ba ta haƙuri ki yi mata bayani a taƙaice, don maganar iyaye a guruf ɗin WhatsApp ta fi ta yaran saurin ɓata wa yaro suna.

Ummu Rayyan, Riyad

Abu Fahad ba haushi wallahi, gaskiya ka faɗa, duk ma'aikacin da ya ƙi rubuta muku abin da ake son cimmawa ku tambaye shi dalili. An ci gaba da bincike bayan 2012 amma shawarar a sa lokaci a auna tana nan daram.

Abin kunne ki saya, na yara, a manyan kantunan magani ko ta intanet ana samu, ki gwada masa a gida tukun don wasu yaran matsewarsa a kai ma damunsu take. Amma na lokacin buƙata ne kawai, biki, filin jirgi, bayin mol, ɗabur in abla ta yarda. Kar ya wuni da shi, kunnen da aka saba masa da shiru kullum ƙara tsananta jin ƙara yake, kuma ba zai ji yaran da muke so ya yi wasa da su ba. Ya zauna a jakarsa ya san yana nan.

Umra ku kauce wa Ramadan da Juma'a da lokacin hutun makaranta. Ku yi ɗawafi a bene, ya fi nisa amma ba matsi kamar ƙasa kusa da Ka'aba, babansa ya riƙe shi ta gefen da ba jama'a, kuma ku lura da inda lasifika take kafin a kira salla ku matsa. In harami zai ɗaura ki ba shi tawul ɗin ya taɓa ya yafa a gida tun kafin ranar, ki wanke shi ya yi laushi, sabo yana da kaushi.